Madarar shanu ko ta waken suya, da maganar ƙwayoyin bitamin da ake sha kullum

Tun da farashin gwangwanin madara ya yi tashin gwauron zabo, gidaje da dama suka koma wa waken suya. A jiƙa, a markaɗa, a tace, a dafa, sai ga farin ruwa mai kauri wanda ido ba ya iya bambanta shi da madara. Mudu ɗaya yana shayar da yara kwanaki, kuɗinsa kuma bai kai na gwangwanin madarar gari ba. Abin da iyaye mata suke yawan tambayata a wurin awo da wurin rigakafi shi ne ko wannan ta isa ta maye gurbin waccan. Ta wani fannin ta isa ƙwarai, ta wani fannin kuma ko kusa. Wanda bambancin ya fi shafa shi ne yaron da aka yaye har zuwa shekara 5, sai mai juna biyu da mai shayarwa.

Bari mu fara fitar da jariri daga cikin maganar. Daga haihuwa zuwa wata 6 nonon uwa ne kaɗai abincinsa, ko ruwa ba ya buƙata, daga nan a haɗa da abinci a ci gaba da shayarwa zuwa shekara 2. Madarar waken suya da aka yi a gida ba abincin jariri ba ce, komai kaurinta. Ba ta da yawan mai da sukari da bitamin ɗin da ke cikin nono, kuma jaririn da aka ɗora a kanta saboda uwa ta rasu ko nono ya ƙi zuwa yana iya faɗawa tamowa cikin makonni kaɗan. Akwai madarar jarirai ta gwangwani da ake yi da waken suya, amma wannan abu ne daban da kamfani ya haɗa bisa awo, kuma likita ne yake rubuta ta ga jarirai ƙalilan masu larura ta musamman. Ba a ba bakwaini ita. Game da madarar shanu kuwa, likitocin yara a Amurka da Ingila suna cewa a jira shekara 1 kafin ta zama abin shan yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idarta ta 2023, ta sassauta wa yaron da ya kai wata 6 zuwa 11 kuma ba ya samun nonon uwa: za a iya ba shi madarar jarirai ko madarar dabba mai cikakken mai wadda aka tafasa. Sassaucin bai haɗa da ta waken suya ba.

Abin da ke cikin kofi ɗaya

Ki ɗauki kofi mai cin mililita 250. In madarar shanu ce, akwai furotin, wato sinadarin gina jiki, kimanin giram 8, da kalsiyam mai gina ƙashi da haƙori kimanin miligiram 300, da bitamin B12, da B2, da aidin, da bitamin A a cikin manta. Abin da ba ta da shi sosai shi ne sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, wanda muke kira ayon.

In ta waken suya ce mai kauri, furotin ɗinta ya kai giram 7, kuma furotin ne mai inganci wanda jiki ke amfana da shi kusan kamar na dabba. A nan ta yi wa madarar shinkafa da ta kwakwa da kunun aya nisa, domin su furotin ɗinsu bai taka kara ya karya ba. Manta ma ya fi sauƙi ga zuciya, ba ta da kolestarol. Amma kalsiyam ɗin da ke cikin wadda aka yi a gida da ƙyar yake kaiwa miligiram 60 a kofi, sau da yawa ma ƙasa da haka, bitamin B12 kuwa babu shi sam. Sannan duk lissafin nan na mai kauri ne. Uwar da ta tsinka ta da ruwa don ta zagaya yara bakwai ta tsinka furotin ɗin tare da ita.

Ta kwali da ta gari da ake sayarwa a kanti, wasu kamfanoni suna ƙara musu kalsiyam da bitamin D da B12 har su kusanci ta shanu, wasu kuma sukari da ƙamshi kawai suke ƙarawa. Sai kin juya bayan kwalin kin karanta. In kin ga kalsiyam wajen miligiram 120 a kowace mililita 100, to an ƙara. Ki riƙa girgiza kwalin kafin ki zuba, saboda kalsiyam ɗin da aka ƙara yana kwantawa a ƙasa, wanda ya sha ƙarshe shi ke kwashe rabon kowa.

Me ya sa nake nanata kalsiyam? Yaro ɗan shekara 1 zuwa 3 yana buƙatar kimanin miligiram 700 a rana, ɗan 4 zuwa 8 kimanin 1,000, mai tasowa daga 9 zuwa 18 kuma 1,300. Abincinmu na yau da kullum, tuwon masara da shinkafa da taliya da doya, ba shi da kalsiyam na kirki. A Jos an yi wani bincike da aka buga a 1999 kan yara 123 masu ciwon laushin ƙashi, irin waɗanda ƙafafunsu suke lanƙwashewa kamar baka ko su yi gwame, wuyan hannu ya kumbura. A ƙasashen Turai rashin hasken rana da bitamin D ne ke kawo wannan ciwon, shi ya sa aka daɗe ana ɗauka haka yake ko'ina. Yaran Jos kuwa rana ba ta yi musu ƙaranci ba. Kalsiyam ɗin da suke samu a abinci ne bai wuce wajen miligiram 200 a rana ba, kuma waɗanda aka ba kalsiyam sun fi waɗanda aka ba bitamin D kaɗai samun sauƙi. Don haka uwar da ta cire madarar shanu gaba ɗaya ta sa ta waken suya ta gida, ta toshe ƙofar furotin amma ta bar ta ƙashi a buɗe.

Toshe ta ba ya buƙatar dukiya. Garin kuka na miya da zogale da kuɓewa da riɗi duk suna da kalsiyam. Tamba, wadda ake nomawa a kudancin Kaduna da Filato, ta fi sauran hatsinmu kalsiyam nesa ba kusa ba, kununta kuma yara suna sha. Ƙananan busassun kifi da ake dakawa da ƙayarsu a zuba a miya ko a kunun yaro suna cikin mafi arha kuma mafi ƙarfi. Awara fa? Furotin ɗinta ba a magana, amma kalsiyam ɗinta ya danganta da abin da aka tsinka ta da shi. A China da Japan akan yi amfani da wani gishiri mai kalsiyam, shi ya sa littattafai suke yabon awara a wannan fannin. Tamu da ake haɗawa da ruwan tsami ko tsamiya ko lemon tsami ba ta samu wannan ƙarin ba.

Ba duk farin gari ne madara ba

Wani abin da ke damuna fiye da zaɓi tsakanin shanu da wake shi ne abin da ake saya da sunan madara. A jikin gwangwani ko leda za ki ga ɗaya daga cikin rubutu uku. Wadda aka rubuta wa "Full Cream" madara ce da manta na asali. Wadda aka rubuta wa "Filled" an cire man shanun an sa man tsiro, galibi na kwakwar manja, amma furotin da kalsiyam suna nan ko da sun ɗan ragu, kuma ta fi arha. Ga yaron da ya wuce shekara 1 babu laifi a cikinta. Na ukun shi ne "Creamer", wanda akasarinsa sukari ne da mai, an yi shi don shayi ya yi fari. Shi ne ake yawan aunawa a kasuwa daga buhun da ba ki ga rubutunsa ba. Yaron da aka yaye da shi zai iya yin kumatu, amma ƙashinsa da jininsa ba su ci komai ba. Haka madarar nan mai kauri mai zaƙi da ake shafa wa burodi, kusan rabinta sukari ne. In za ki sayi ta awo, ki nemi a nuna miki buhun, ki duba sunan abin da lambar NAFDAC.

Sai kuma yawan da ake zubawa. Kafin madarar gari ta zama kofi ɗaya na gaske ana buƙatar kimanin giram 30, wato babban cokali uku zuwa huɗu. 'Yar ledar nan ƙarama galibi rabin haka ce. Cokali ɗaya a babban kofin shayi launi kawai ya canza. A ganina gara yaro ya sha rabin kofi na madara ta gaske da ya sha moɗa guda ta farin shayi, balle shi ganyen shayin yana hana jiki tsotsar ayon daga abinci.

Akwai kuma gidajen da matsalarsu akasin wannan ce. Yaro ya ƙi abinci, sai a bi shi da fida cike da madara safe, rana, dare, har ya sha lita guda. Cikinsa ya cika da abin da ba shi da ayon, ya ƙara ƙin tuwo da wake da nama, a ƙarshe a kawo shi ya yi fari fat, jini ya yi ƙasa. Bayan shekara 1, kofi biyu a rana ya wadatar, kuma a kofi, ba a fida ba. Madarar gwangwani mai tsada da ake tallatawa don yara 'yan shekara 1 zuwa 3 ba dole ba ce, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba ta ba da shawarar sayenta ba.

In madara tana ɓata ciki

Mutane da yawa a Afirka ta Yamma, da zarar sun wuce ƙuruciya, hanjinsu yana rage samar da sinadarin da ke narkar da sukarin madara, wato laktos. Sai a sha kofi guda, bayan awa ɗaya ko biyu ciki ya kumbura, ya yi ta ƙugi, iska ta yi yawa, wani lokaci har zawo. Wannan ba cuta ba ce, halitta ce, kuma ita ce ta fi yawa a duniya. Fulani, da suka gaji kiwo kaka da kakanni, sun fi sauran ƙabilun yankin nan riƙe wannan sinadarin har girma. Mai irin wannan cikin ba sai ta rabu da madara ba. Yawancin masu shi suna ɗaukar rabin kofi zuwa kofi ɗaya in an sha tare da abinci. Kindirmo da nono da yogot kuma sun fi sauƙi, domin ƙwayoyin da suka tsamar da su sun cinye wani ɓangare na laktos ɗin, suna kuma taya hanji narkar da sauran, alhali kalsiyam ɗin yana nan yadda yake. Fura da kindirmo mai tsabta abinci ne da ba ni da abin da zan ƙara masa. Madarar waken suya ba ta da laktos ko kaɗan, don haka ita ma mafita ce.

Kada a haɗa wannan da ƙin jinin madara, wanda garkuwar jiki ce take faɗa da furotin ɗin shanu. Alamunsa su ne borin jini, kumburin leɓe ko fatar ido, amai nan take, jini a kashin jariri, ƙyasbi mai tsanani, ko numfashi ya riƙa fita da ƙara. A nan ko cokali ɗaya yana iya tayar da shi, kuma kindirmo ba mafita ba ce. Wasu daga cikin yaran da jikinsu ya ƙi furotin ɗin shanu yana ƙin na waken suya ma, don haka ba a yin wannan canjin a gida ba tare da likita ya ga yaron ba. In numfashi ya shiga ciki, asibiti za a nufa a lokacin.

Madarar da aka tatso yanzu, komai amincinki da mai kawowa, sai an tafasa. Tarin fuka na shanu da zazzaɓin burusela, mai kawo zufar dare da ciwon gaɓoɓi na watanni, duk suna bin ɗanyar madara. Nonon talla kuma haɗarinsa ya fi zuwa daga ruwan da aka tsinka shi da shi da ƙwaryar da ya wuni a ciki.

Tsoron da ake yi wa waken suya

Saƙonni suna yawo a WhatsApp cewa waken suya yana kashe mazakuta, yana fito wa yara maza da nono, yana hana haihuwa. Tushen maganar shi ne waken yana ɗauke da wasu sinadarai da ake kira aisofilabon, waɗanda ƙirarsu ta ɗan yi kama da homon ɗin mata. Kama ce kawai, ƙarfinsu bai kai ko kusa ba. An tattara gwaje-gwaje da dama da aka yi a kan maza, ba a ga cin waken suya yana rage homon ɗin maza ba. Mutanen China da Japan da Indonesiya ƙarnuka suka yi suna cin sa kullum. Kofi ɗaya ko biyu a rana, ko awarar marece, ba abin tayar da hankali ba ne ga maigida ko ga yara. Wadda ya kamata ta kula ita ce mai shan maganin maƙoƙo, lebotairoksin, domin waken suya da kalsiyam da ayon duk suna rage shigarsa jiki. Ta sha maganinta da ruwa da sassafe, ta ba da tazarar awa 4.

Haɗarin gaske yana wurin dafuwa da ajiya. Ɗanyen waken suya yana da sinadarin da ke hana hanji narkar da furotin, wuta ce kaɗai ke kashe shi. Madararsa kuma tana da yaudara: tana yin kumfa ta taso tun kafin ta tafasa da gaske, sai a ɗauka ta nuna a sauke. In ta taso, ki rage wuta, ki ci gaba da juyawa na minti 15 zuwa 20. Kafin nan a tsince waken a zubar da wanda ya yi fumfuna, a jiƙa awa 8 zuwa 12, a canza ruwa. Bayan ta huce, a zafin garinmu awoyi kaɗan take yi ta lalace. In babu firji mai wuta tsayayya, ki yi daidai wadda za a shanye a ranar. Dusar da ta rage bayan tacewa kada a zubar, tana shiga ƙosai da ɗanwake da miya.

In aka ce in zaɓa wa yaro ɗan shekara 2 a gidan da kuɗi ya yi wuya, zan ce a raba: rabin kofi zuwa kofi ɗaya na madarar shanu ko kindirmo a rana saboda ƙashi, waken suya kuma ya shiga kunu tare da gero da gyaɗa, ko a ba shi awara, saboda gina jiki. Ga babba mai lafiya da ke cin kifi da ƙwai da nama lokaci zuwa lokaci, kowacce ta zaɓa ta yi.

Wa ke buƙatar ƙwayar bitamin kullum?

Shiga kowane kemis za ki tarar da kanta guda cike da kwalabe masu hoton yaro mai kumatu ko mace mai sheƙi. Babba mai lafiya da ke cin abinci iri daban-daban ba ya samun wani ƙarin lafiya da aka tabbatar daga shan haɗakar bitamin kullum. Bitamin C da dangin B, in sun wuce buƙata, fitsari ke tafiya da su. Ɗorawar nan da fitsari ke yi bayan an sha ƙwayar B2 ne yake fita, ba alamar tana wanke jiki ba ce. A, D, E da K kuwa jiki yana tara su, A da D suna iya zama guba in suka yi yawa. Ga shi kuma muna samun wasu ba tare da mun lura ba: tun 1993 doka ta wajabta sa aidin a gishiri a Najeriya, tun 2002 kuma ake ƙara bitamin A a man girki da sukari da fulawa na kamfani, waɗanda za ki ga tambarin ido a jikinsu.

Amma akwai waɗanda ƙwayar ta zame musu dole, kuma abin takaici su ne suka fi yin sakaci da ita. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini, yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5 kuma kashi 68. Mace mai ciki tana buƙatar ayon miligiram 30 zuwa 60 da folik asid maikurogiram 400 kullum har ta haihu, a ci gaba cikin jego in jini bai dawo ba. Ƙarancin jini shi ke sa zubar jinin da wata za ta jure a wurin haihuwa ya kayar da wata.

Folik asid yana da lokacinsa, kuma lokacin yana wucewa da wuri. Lakar baya da ƙwaƙwalwar jariri suna rufewa cikin kwana 28 na farkon ciki, lokacin da mace da yawa ba ta ma tabbatar da batan wata ba. Wadda ta fara sha a wata na biyar da ta zo awo ta amfana ta fuskar jini, amma kariya daga haihuwar jariri mai buɗaɗɗen baya ta riga ta wuce ta. Amarya da duk matar da ke sa ran ciki, tun yanzu ya kamata ta fara. Mai sikila, da mai ciwon sukari, da mai shan maganin farfaɗiya, da wadda ta taɓa haifar jariri mai wannan larurar, likita yakan ɗora su a kan miligiram 5.

A nan akwai abin da ba a cika bayyana wa mata ba. 'Yar ƙaramar ƙwayar folik asid mai ruwan ɗorawa da ta cika kemis miligiram 5 ce, ta ninka abin da mace mai lafiya ke buƙata fiye da sau goma. A wannan yawan tana rage ƙarfin Fansida, maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake ba masu ciki a wurin awo. In ana ba ki Fansida, ki nuna wa ma'aikaciyar awo irin folik asid ɗin da kike sha, ita za ta tsara miki. Wasu asibitoci sun fara raba ƙwaya guda mai sinadarai 15 da aka yi don masu ciki, wadda ke da ayon miligiram 30 da folik asid 400 a ciki. In ita aka ba ki, ba a ƙara wata haɗakar a kanta. Musamman ki guji tara ƙwayoyi masu bitamin A, domin fiye da ma'auni 10,000 a rana a farkon ciki yana iya nakasa jariri.

Mata da yawa suna daina shan ƙwayar ƙarin jini saboda tashin zuciya ko taurin bayan gida, wasu kuma saboda an ce tana sa jariri ya yi girman da haihuwa za ta yi wuya. Ba ta yin haka. Baƙin bayan gida kuma ba matsala ba ne, ragowar ayon ne. In tana tayar miki da zuciya, ki mayar da ita dare bayan abinci. Ki sha da ruwa ko lemo ko bayan kin ci gwaiba, domin bitamin C yana taimaka mata shiga jiki. Kada ki kora ta da shayi ko madara, ta shanu ko ta wake, ki ba da tazarar awa 2. Haka in an rubuta miki kalsiyam, wanda ake ba masu ciki a wuraren da abinci ba shi da shi don rage haɗarin hawan jini da jijjiga, ɗaya da safe, ɗaya da dare.

Yara kuwa, abin da aka tabbatar yana ceton rai kyauta ake ba da shi: ɗigon bitamin A daga wata 6 zuwa shekara 5, duk bayan wata 6, shuɗiyar ƙwaya mai ma'auni 100,000 ga ɗan ƙasa da shekara 1, ja mai 200,000 ga wanda ya wuce. Ana bayarwa a wurin rigakafi da makon lafiyar uwa da yara, a tabbatar an rubuta a kati don kada a maimaita kusa da kusa. In zawo ya kama yaro, zinki miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14 tare da ruwan gishiri da sukari, rabin haka ga ɗan ƙasa da wata 6. Bitamin D ya fi shafar uwa da jaririn da ba sa ganin rana, kamar masu zama a bene ko gidan da aka rufe tsakar gidansa ruf. Fitowa hantsi a tsakar gida hannu da ƙafa a buɗe yana taimakawa, in kuma babu hali, a tambayi likita game da ɗigon ma'auni 400 da ake ba jarirai masu shan nono.

Yaron da tafin hannunsa da cikin idonsa suka yi fari, gwaji yake buƙata kafin kwalbar ƙarin jini. Zazzaɓin cizon sauro ne? Tsutsar ciki ce? Sikila ce? Mai sikila folik asid yake sha, ba a ba shi ayon sai gwaji ya nuna yana buƙata, domin wanda aka sha yi wa ƙarin jini ayon ya riga ya taru masa. Sai kuma ruwan maganin cin abinci da ake haɗawa da bitamin a kwalba ɗaya. Da yawansu suna ɗauke da saifuroheftadin, maganin borin jini ne da ke sa barci da yunwa, ba a ba ɗan ƙasa da shekara 2 shi, kuma ba ya gyara dalilin da ya sa yaron ya ƙi abinci. Na 'yan mata masu neman ƙiba, da ake kira sha ka fashe, wani har da deksametason a ciki, wanda ke kumbura fuska, ya jawo ciwon sukari da hawan jini, ya cinye ƙashi.

Ƙwayar ƙarin jini ta manya ja ce, mai santsi, mai zaƙi a baki, yaro ba ya bambanta ta da alawa. Kowace ƙwayar feros salfet mai miligiram 200 tana ɗauke da ayon kusan 65, kuma 'yan ƙwayoyi kaɗan sun isa su jefa ɗan shekara 2 cikin haɗari. Wurinta saman kabad ne ko akwati mai makulli, ba jakar hannu ko ƙarƙashin filo ba. In yaro ya haɗiye, zai iya yin amai da zawo, daga baya ya warware kamar babu komai na wasu awoyi, alhali gubar tana aiki a hanta. Kada a jira, kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa masa yatsa don ya yi amai. A ɗauki ledar maganin da sauran ƙwayoyin da suka rage a tafi asibiti da su, domin da su za a lissafa adadin da ya sha da lokacin da ya sha.